Ƙofar Gareji a Amurka: Tarihin Sana'ar da Asalin Tsadarta

Ƙofar gareji ita ce abu mafi girma da ke motsi a yawancin gidajen Amurka. Wadda aka yi wa mota ɗaya faɗinta ƙafa 8 ne ko 9, ta mota biyu kuma ƙafa 16, tsayinsu galibi ƙafa 7. Ta ƙarfe mai faɗin mota biyu takan kai kilo 70 zuwa sama da 100, ta katako kuwa tana iya ninka haka. A unguwannin da ke kewayen birane, inda gareji ke manne da gida, ta nan iyali ke shiga da fita safe da yamma, har ƙofar gaba ta koma ta baƙi da mai kawo wasiƙa. Kuɗin da ake kashewa wajen gyara ta ko sauya ta ba rana ɗaya ya taru ba. Sifirin, inji, dokar kare yara, ƙa'idar gini ta yankunan guguwa da farashin ƙarfe, kowannensu ya shigo ne a zamaninsa cikin shekara ɗari, ya ƙara nasa a kan abin da mai gida ke biya.

A farkon ƙarni na 20 mota abin hawan masu hannu da shuni ce. Wanda ya saye ta yakan ajiye ta a ɗakin keken doki kusa da barga, ko ya biya haya a babban garejin kuɗi cikin gari. Lamarin ya sauya bayan da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908. Farashinta ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. Manomi da malamin makaranta da mai kanti duk suka zama masu mota, kowa yana neman inda zai kwantar da ita. Sai aka shiga gina ƙananan ɗakuna a ƙarshen fili, nesa da inda ake kwana, saboda tsoron gobara: a lokacin gidajen mai ba su yawaita ba, mutane da yawa a gida suke ajiye fetur. Kamfanin Sears, wanda a lokacin ke sayar da kaya ta hanyar wasiƙa, har gareji yake aikawa a yayyanke, mai saye ya harhaɗa da kansa. Gidan Robie da Frank Lloyd Wright ya zana a Chicago, wanda aka kammala a 1910 da garejin mota uku a jikinsa, ya riga zamaninsa nesa ba kusa ba.

Ƙofofin waɗannan ɗakuna irin na barga ne, gambu biyu na katako da ke buɗewa waje a kan hinji. Har yanzu ana iya ganin irinsu a ɗan garejin nan na Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda Hewlett da Packard suka fara aikin da ya zama kamfanin HP a 1939. Matsalarsu a fili take. Nauyin katako yana jan hinji har gambu ya sunkuya ya riƙa jan ƙasa, iska tana buga shi a jikin mota, kuma a jihohin arewa dusar ƙanƙara kan taru a gabansa cikin dare, da safe sai an ɗauki shebur an kwashe kafin mota ta fita. An gwada ƙofa mai zamewa gefe, amma tana buƙatar bango mai faɗi. An gwada mai ninkewa kashi-kashi, ita ma tana maƙalewa. Gyaran duk waɗannan aikin kafinta ne, kuɗinsa kaɗan, sai dai ba ya ƙarewa.

A 1921 wani mai suna C. G. Johnson ya kawo dabarar da ake amfani da ita har yau. Ya raba ƙofar zuwa fallaye a kwance, ya haɗa su da hinji, ya sa musu ƙananan tayoyi a gefe waɗanda ke bin layin ƙarfe. Layin yana miƙewa sama, ya lanƙwasa, ya bi ƙarƙashin rufi, don haka idan an ɗaga ƙofar sai ta kwanta a saman mota, ba ruwanta da ƙanƙara ko iska. Ya kafa kamfanin Overhead Door, ya ɗora ƙaramin samfurin ƙofar a bayan motarsa ƙirar Ford, yana yawo gari-gari yana nuna wa mutane yana neman dillalai. Daga baya masana'antarsa ta zauna a Hartford City ta jihar Indiana, kuma a 1926 ya ƙirƙiro injin lantarki mai ɗaga ƙofa. Tsarin dillalan da ya shimfiɗa, wato masana'anta ta ƙera, ɗan kasuwar gari ya kafa ya kuma riƙa gyarawa, shi ne ƙashin bayan sana'ar har yanzu.

Ƙofar da ke tashi sama dole a sami abin da zai ɗauke nauyinta, in ba haka ba babu mai iya ɗaga ta da hannu. Wannan aikin sifirin ne, kuma duk wanda bai fahimci sifirin ba ba zai fahimci kuɗin gyaran ba. Iri biyu ne. Akwai mai miƙewa, wanda ake sa wa ɗaya a kowane gefe a saman layin ƙarfe. Idan ƙofa ta sauka sai ya miƙe, idan za ta tashi ya ja ta. Ya fi araha, amma idan ya tsinke yakan yi tsalle da ƙarfi, shi ya sa ake zura masa waya ta tsakiya don ta riƙe shi. Na biyu shi ne mai murɗawa, wanda ya fi yawa a sababbin gidaje. Ana zura shi a jikin wata doguwar sandar ƙarfe da ke kwance a saman ƙofa. A kowane ƙarshen sandar akwai kwarkwaro, da igiyar waya da ta sauko daga kwarkwaron ta kama gindin ƙofar. Saukar ƙofa tana warware igiyar tana ƙara murɗe sifirin. Tashinta kuma sifirin ne ke sakin ƙarfin da ya tara yana naɗe igiyar. Haka ƙofar ƙarfe mai naɗewa ta shaguna ke aiki, irin wadda ake gani a kasuwannin Kano da Maraɗi, ita ma sifirin ne a cikin naɗin ke sa yaron shago ya ɗaga ta da hannu ɗaya.

Murɗa sabon sifirin shi ne aiki mafi haɗari a sana'ar. Mai gyara yana hawa tsani, ya kauce daga saitin abin, ya zura sandar ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya ko fiye a ramin da ke kan sifirin, ya ɗaga ta kwata ɗaya na zagaye, ya zura sanda ta biyu a rami na gaba kafin ya zare ta farko. Haka zai yi ta yi yana ƙirgawa. Kwarkwaron da aka saba amfani da shi yana naɗe igiya kimanin ƙafa ɗaya a kowane zagaye, don haka ƙofa mai tsayin ƙafa 7 tana buƙatar zagaye bakwai da rabi ko kusa da haka, wato ɗagawa talatin. Idan ya gama sai ya ɗaure ƙusoshin da ke riƙe kan sifirin a jikin sandar. A tsakanin nan, duk nauyin ƙofar yana hannunsa ne a cikin sandar nan guda. In ta suɓuce, ko an yi amfani da sukurdireba a maimakonta, takan karya yatsu ko muƙamuƙi. Sifirin kansa ba shi da tsada, 'yan gommai na daloli ne. Abin da ake biya shi ne hannun da ya iya, da motar da ta kawo shi, da inshorar da ke kansa. A 'yan shekarun nan sauya sifirin a Amurka yakan kama daga wajen dala 150 zuwa 400, gwargwadon gari da girman ƙofa.

Tsinkewar sifirin ba tsautsayi ba ne, ƙa'ida ce. Wanda aka saba sawa an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000. Gidan da ke amfani da ƙofa sau huɗu a rana zai cinye wannan adadi cikin kimanin shekara bakwai, gidan da ke da 'ya'ya masu mota kuwa tun kafin haka. Ana jin ƙararsa kamar harbin bindiga, sannan a ga giɓi a tsakiyar naɗin. Akwai masu kaurin waya da tsawo da ke kai sau 20,000 ko fiye, kuma ƙarin kuɗinsu bai kai na sake kiran mai gyara ba. Idan ƙofa tana da sifirin biyu ɗaya ya tsinke, shawarar da masu sana'a ke bayarwa ta a sauya duka biyun gaskiya ce, domin tare suka tsufa. Haka kuma dole ne kaurin waya, faɗin naɗi da tsawonsa su dace da nauyin ƙofar. Ana gane an yi daidai idan aka cire ƙofa daga inji, aka ɗaga ta da hannu zuwa rabi, aka sake ta ta tsaya a nan. Idan ta faɗo, inji ne zai riƙa ɗaukar nauyin da ba nasa ba, kuma ba zai daɗe ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne gareji ya baro bayan gida ya dawo gaba. An shiga gina manyan unguwanni a wajen birane, inda ba a zuwa aiki ko kasuwa sai da mota. Sannu a hankali gareji ya manne da ɗakin girki, ya faɗaɗa daga na mota ɗaya zuwa na biyu, ƙofarsa ta cinye wani babban kaso na fuskar gida. Da yawa daga cikin kamfanonin da suka yi suna a yau a wannan zamani suka taso: Raynor a jihar Illinois a 1944, Amarr a Winston-Salem ta Karolina ta Arewa a 1951, da kamfanin Wayne da Emanuel Mullet ya kafa a Mount Hope ta jihar Ohio a 1954, wanda daga baya ya zama Wayne Dalton. A wurare masu ɗumi kamar Kalifoniya an daɗe ana amfani da ƙofa mai falle ɗaya da ke karkatowa waje kafin ta tashi, saboda arha, amma mai fallaye ce ta yi rinjaye.

Har zuwa shekarun 1970 katako ne ke kan gaba. Daga nan ƙarfe mai rufin da ke hana tsatsa ya fara ture shi, domin ba ya ruɓewa, ba ya kumbura da damina, ba ya buƙatar fenti kowane ɗan lokaci. Wannan sauyi ya rage wahalar kulawa, amma ya canza ma'anar gyara gaba ɗaya. Ƙofar katako idan ta fashe kafinta yana iya yanke wurin ya yi mata faci. Fallen ƙarfe da mota ta lotsa ba ya komawa yadda yake, sai dai a sauya shi, kuma dole ya fito daga masana'antar da ta yi ƙofar, ya zama ƙira ɗaya da launi ɗaya. Idan an daina yin wannan ƙirar, ko rana ta koɗar da sauran fallayen, mai gida kan tsinci kansa yana sayen sabuwar ƙofa saboda falle guda. Daga nan ne kuma farashi ya zama hawa-hawa. Mafi arha ita ce mai ƙarfe shafi ɗaya, sai mai soso a bayanta, sai mai ƙarfe ciki da waje da soso a tsakiya, wadda ke tare sanyi, ta rage ƙara, ta kuma fi jure duka. Kaurin ƙarfen ma yana da lamba, galibi daga 24 zuwa 27, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Tagogi, gilashi da katakon gaske kowanne yana ɗaga kuɗin, har ƙofa ɗaya ta tashi daga ƙasa da dala 1,000 zuwa dubbai masu yawa.

Injin da Johnson ya ƙirƙiro bai shiga gidajen talakawa ba sai bayan da aka haɗa shi da rediyo. A 1954 kamfanin Alliance na jihar Ohio ya fito da Genie, injin ɗaga ƙofa mai aiki da rimot wanda aka ƙera da yawa don gidaje. Na farkon ba su da sirri: maƙwabci kan danna nasa ƙofar wani ta buɗe. Sai aka sa wa rimot 'yan maɓallai a ciki da mai gida ke jerawa yadda ya so, amma mai maɓalli takwas lambobi 256 kawai yake iya bayarwa, abin da ɓarawo ke iya gwadawa duka. A tsakiyar shekarun 1990 aka koma lambar da ke sauyawa duk lokacin da aka danna. Wannan ya ƙara tsaro, ya kuma ɗaure mai saye ga kamfani guda. Har kotu aka je a kan haka: kamfanin Chamberlain, mai injinan LiftMaster, ya kai ƙarar Skylink saboda yana sayar da rimot da ke buɗe injinansa, amma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba Skylink gaskiya. Inji yakan yi shekara 10 zuwa 15. Mai sarƙa ya fi arha da ƙara, mai bel ya fi shiru da tsada.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci a tarihin injin shi ne mutuwar yara. A shekarun 1980 hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta Amurka ta tattara rahotannin yara da dama da ƙofa ta sauko ta danne su har suka rasu, wasu suna wasan tsere da ita ne. Majalisar dokoki ta yi doka a 1990, kuma daga 1 ga Janairun 1993 duk injin gida da aka ƙera don sayarwa a ƙasar dole ya zo da kariya ta biyu bayan juyawar da yake yi idan ya taɓa abu. Galibi ita ce ƙananan idanun lantarki biyu da ake kafawa a gindin ƙofa, hagu da dama, ba sama da inci 6 daga ƙasa ba. Ɗaya yana aika haske marar ganuwa, ɗayan yana karɓa. Duk abin da ya gifta, ƙofa ta koma sama. Ana gwada juyawar ta farko da guntun katako da ake kwantarwa a ƙasa: ƙofar da ta taɓa shi ba ta koma ba tana da haɗari. Saboda wannan doka, masu gyara na ƙwarai ba sa yarda su farfaɗo da injin da aka yi kafin 1993, sai dai su ce a sauya, kuma suna da hujja. A ɗaya ɓangaren, yawancin ƙofofin da ke ƙin rufewa ba abin da ya same su illa ido ya goce, ko ƙura da saƙar gizo sun rufe shi, aikin da tsumma ke gamawa ba tare da an biya ko sisi ba.

Bala'o'i biyu sun ƙara nasu sharuɗɗan. Guguwar Andrew da ta afka wa kudancin Florida a watan Agustan 1992 ta nuna cewa idan ƙofar gareji ta faɗa ciki, iska na shiga gida ta tura rufi daga ƙasa har ya tashi. Bayan haka aka tsaurara ƙa'idar gini, musamman a yankin Miami-Dade, aka wajabta ƙofofi masu ƙarin ƙarafa a baya da layi mai kauri. Irin waɗannan sun fi nauyi, nauyin kuma yana neman babban sifirin, don haka ƙofa mai kama ɗaya ta fi tsada a gaɓar teku fiye da tsakiyar ƙasa. Sannan a gobarar dajin da ta cinye unguwanni a arewacin Kalifoniya a 2017, wutar lantarki ta ɗauke, wasu mutane, yawancinsu tsofaffi, suka kasa ɗaga ƙofa su fitar da mota, suka rasa rayukansu. Jihar ta yi doka cewa daga 1 ga Yulin 2019 duk injin da za a sayar ko a kafa a gida sai yana da batirin ko-ta-kwana.

A wannan tsakani masana'antun sun yi ta haɗewa a hannun 'yan kaɗan. Overhead Door ya sayi Genie a 1994, kamfanin Sanwa na Japan ya sayi Overhead Door a 1996, sannan Wayne Dalton ya shiga ƙarƙashinsu a 2009. A 2021 kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi Chamberlain a kan kimanin dala biliyan 5. Da yake ƙofa, layi da sifirin duk ƙarfe ne, farashinsu yana bin kasuwar ƙarfe sau da ƙafa. Harajin kashi 25 cikin ɗari da Amurka ta ɗora wa ƙarfen waje a 2018 ya taɓa su, kuma a 2021 da 2022, lokacin da annobar korona ta hargitsa sufuri da masana'antu, an yi ƙarancin ƙofofi har sababbin gidaje suka riƙa tsayawa watanni an gama komai ban da ƙofar gareji.

Gyaran kuwa ya ci gaba da zama a hannun ƙananan 'yan kasuwa, da yawansu uba da ɗa da mota ɗaya ko biyu. A nan ne sana'ar ke da rauni. Mai gida yana kira ne cikin gaggawa, motarsa a kulle a ciki, bai san sunan ko ɗaya daga cikin kayan ba. Wasu kamfanoni sun gina kasuwancinsu a kan wannan hali: su tallata kuɗin zuwa mai arha, su biya ma'aikaci da kamasho, shi kuma ya zo gyaran sifirin ya ce sai an sauya tayoyi, kwarkwaro, igiya da komai, aikin 'yan ɗaruruwa ya koma na sama da dubu. Ƙungiyoyin masu sana'ar da kansu sun daɗe suna kokawa da wannan, sun kuma kafa jarrabawa da takardar shaida ga masu gyara. Kariyar mai gida ita ce ya nemi farashi a rubuce, kaya daban aiki daban, ya ji ta bakin kamfani fiye da ɗaya, ya kuma nemi a nuna masa abin da aka ce ya lalace.

Tambayar ko a gyara ko a sauya tana da amsa mai sauƙi idan an san wane sashi ne ya gaza. Sifirin, igiya, tayoyi, hinji da robar gindi kayan cinyewa ne. Lalacewarsu ba ta nuna ƙofa ta mutu, kuma sauya su ya fi arha nesa. Ana maganar sabuwar ƙofa ne idan fallaye biyu ko fiye sun lotse, ko tsatsa ta cinye gindi, ko katako ya ruɓe, ko ƙirar ta ɓace daga kasuwa, ko kuma ba ta cika ƙa'idar iska ta yankin ba. Idan aka kai ga haka, kuɗin ba ya tafiya a banza. Rahoton shekara-shekara na mujallar Remodeling, wanda ke kwatanta kuɗin gyare-gyaren gida da abin da suke ƙara wa darajarsa, ya daɗe yana sa sauya ƙofar gareji a sahun gaba. A na 2024 ita ce ta zo ta ɗaya: aikin ya kama kimanin dala 4,500, abin da ya ƙara wa farashin gida kuwa ya kusa ninki biyu na wannan kuɗi.